Kawo Shayi Babu Suga

A bayan motar kifi aka kawo mini ita, an naɗe ta da bargo kamar marar lafiya. Adamu ne ya kawo ta, wani direba mutumin Abeshe da ke jigilar kifi daga Yanbu zuwa Madina sau biyu a mako. Ya sauke ta a ƙofar shagonmu a unguwar Jurf ta Madina, ya yaye bargon. Doguwar ganga ce, ta kai mini ƙugu, cikinta a kumbure, gindinta a tsuke. Ba sassaƙa ta aka yi daga gungume ba, siraran falankan katako aka jera aka manne su. Baki ɗaya gare ta, kuma fatar ta tsage daga gefe zuwa gefe. Adamu ya ce sunanta konga, mai ita wani mai walda ne mutumin Kolombiya da ke aiki a matatar mai da ake ginawa, kuma ya nemi mai gyara har Jidda bai samu ba.

Ku da kuke kallon makaɗa a waya kuna cewa ai dukan fata ne kawai, kada ku ji kunya. Abin da na faɗa ke nan ranar, kuma ni a lokacin na shekara goma sha biyar ina ɗaure ganguna.

Shagon ba nawa ba ne, na Mu'allim Baraka ne, Bahaushen Sudan daga Mai Wurno. Tun ina ɗan shekara sha biyu, da muka zo daga Kano, mahaifina ya kai ni wurinsa. A takarda kafintoci ne mu, kuma da gaske muna yin ƙofofi da benci. Amma a bayan shago muke yin abin da ke ciyar da mu: tambura masu faɗi na matan da ke kiɗan biki, gangunan 'yan wasan sanda, da kalangu da ganga na mutanenmu in ana suna ko aure. Shekara uku na yi ban taɓa katako ba. Aikina in jiƙa fata a ruwan toka, in kankare gashi da bayan wuƙa, in shanya. In na huda fata ko da kamar ƙwayar gero, Mu'allim ba ya faɗa. Sai ya ɗaga ta sama, ya leƙo ni ta hujin da ido ɗaya, ya yi ta kallona har sai na gwammace duka. A wurinsa kuma na koyi kalangu, domin dokarsa ce ba ka ɗaure gangar da ba ka iya kaɗawa ba.

Kongar nan ta zo ne a muguwar shekara, wajen farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin. An tsananta wa kiɗa a gari, masu biki sun koma yin abinsu a ɓoye ko su haƙura. Ga kuma tambura masu fatar roba da suka cika kasuwa, ba sa saki, ba sa wari, ba sa buƙatar mu. Sai mu yi mako guda ba wanda ya leƙo bayan shago. Mu'allim ya fara maganar sayar da kayan aiki ya koma Sudan, ni kuwa na fara tambayar yadda ake samun aikin ɗaukar kayan alhazai, ga mata ga 'ya'ya biyu. Adamu ya ce a sansanin ma'aikatan akwai ɗakin shaƙatawa cike da kayan kiɗa da iskar teku ta lalata, kuma suna neman mai kula da su. In wannan ta yi kyau, sauran na tafe.

Na ɗauko fatar akuya mafi kyau da muke da ita, na ɗora, na ɗaure ƙusoshin da sifana, na buga na ji ta ce tan. Na ba Adamu. Bayan kwana uku ya dawo da ita cikin bargonta. Ya ce mutumin ya buga sau ɗaya, ya tambaya ko a Madina da kwanon sha ake rufe ganga. Fatar bijimi yake so, mai kauri, ta gadon baya. Na je kwata na zaɓo, na sha wahalar jiƙa ta da lanƙwasa ta a zoben ƙarfe har yatsuna suka yi jini. Wannan karon ta yi murya. Ta tafi, ta sake dawowa. Abin da ban sani ba, iskar Madina busasshiya ce, ta Yanbu kuwa jiƙaƙƙiya. Fatar da na ɗaure tamau a Jurf, kafin ta kwana biyu a bakin teku ta saki, tana ƙara kamar an mari katifa.

Mutumin ba Musulmi ba ne, ba shi da damar shigowa Madina ya nuna mini abin da yake so. Don haka a zuwa na uku sai ya haɗo da kaset. Muka sa a rediyo ni da Mu'allim. Fuskar farko shi ne shi kaɗai yana bugun 'yar'uwar gangar a hankali, yana magana da wani Larabci da ko shi ban jin yana ganewa. Fuska ta biyu kiɗa ne sosai, irin wanda suke kira rok na Latin: jita mai lantarki tana kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, ga molon Turawa mai kauri, ga ganguna da farantan ƙarfe da ake bugawa. A ƙarƙashin duk wannan hayaniya kuwa ga konga tana tafiya a natse, ba ta gaggawa, ba ta tsayawa. Mu'allim ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai bai ji ta ce komai ba. Sannan ya tuna mini dokar shago, ya ce sai in je in koya.

Na bi motar kifi. Sunan mutumin Raul, ni kuwa bakina ya ƙi, na riƙa ce masa Rawa, shi kuma yana ce mini Sali maimakon Sale. Gajere ne mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa kamar busasshen ƙirgi. Da na gama gyara ɗaurin a can, cikin iskarsu, ya buga ya gyaɗa kai. Sai ya tura mini gangar da ƙafa. Ni kuwa na gyara zama, na zuba masa kiɗan da nake ji da shi, na yi sama na yi ƙasa, ina jiran ya riƙe baki. Ya bari na gama, ya kama hannuna na dama ya juya shi kamar mai duba kifi a kasuwa, ya ce da Larabcinsa: "Hannu mai kyau. Kai mafi." Wato babu kai.

Ranar na san cewa a fata ɗaya akwai muryoyi huɗu, kuma ba sanda, hannu ne zalla. Akwai wadda na sa wa suna buɗe: yatsu huɗu a bakin ganga, ka buga ka ɗauke, ta ce dum. Akwai danne, ka buga ka bar hannun a kai. Akwai ta tsakiya da tafin hannu duka. Sai mari, wanda shi ne ya kusa kashe ni. Ana ɗan kumbura hannu kamar za a ɗebi ruwa, a saki wuyan hannu, kan yatsu su kama fata su ce tas, kamar an karya kara. Ba ƙarfi ake sa wa ba. Ni kuwa ƙarfi na sa, na wata guda, har ƙaramin yatsana ya kumbura ya yi kamar dabino. Hannun hagu kuma aikinsa daban: gindin tafi, kan yatsu, gindin tafi, kan yatsu, a hankali yadda ba mai ji sai kai. Na kira shi tafiyar agwagwa.

In aka haɗa su sai su ba da bugun da suke kira tumbawo. Taku takwas ne: biyu na agwagwa, mari, uku na agwagwa, sai buɗe biyu a ƙarshe. Rawa yana ƙirga mini da lamba, ni kuwa ban taɓa koyon kiɗa da lissafi ba. Mu da magana muke koyo, ganga faɗin wani abu take yi. A hanyar komawa, ina zaune kan akwatin ƙanƙara, na yi ta neman maganar da za ta hau. Kafin mu wuce Badar na samu: ka-wo-sha-yi-ba-bu-su-ga. Mari a kan “sha”, buɗe biyu a kan “suga”.

Na shiga gida da ita a baki. Ina alwala ina yi, ina cin abinci ina buga cinya ina yi. Rabi, matata, tana ta jina. Sai na lura shayin gidan ya lalace. Kwana shida ina shan ruwan ɗaci ina zaton tsadar kaya ce ta sa take tattali, na kasa magana don na san ba na kawo komai. Rana ta bakwai na yi ƙarfin hali na tambaya ko suga ya ƙare. Ta ajiye butar ta dube ni.

"Malam, kai fa kake ta faɗa tun ranar Asabar. Har cikin barci. Na ɗauka likitan Yanbu ne ya hana ka."

Wurin gwaji shi ne matsala. A shekarar nan ba ka buga ganga a cikin unguwa, ga maƙwabcinmu ɗalibin Jami'a ne, mutumin kirki, ba na so in sa shi cikin wahalar yi mini wa'azi kullum. Rawa ya ba ni aron tsohuwar konga guda. Na gwada cusa mata tsumma, amma ganga da tsumma a ciki ba ta koya maka komai. Sai na tuna wani mai gonar dabino a bayan Jurf da muka yi wa ƙofa. A gonarsa akwai ɗakin injin ban ruwa, irin tsohon nan mai shan gas da ke tuk-tuk-tuk tun safe. Na roƙe shi ya bar ni in riƙa zama a ciki da hantsi. Ƙarar injin ta rufe tawa, ba mai ji daga waje. Abin da ban zata ba, injin ya zama malamina na biyu. Ba ya sauri don ya ji daɗi, ba ya lafawa don ya gaji. Duk sanda na yi gaba ko na yi baya, sai in ji mun rabu. Wata huɗu na yi a ɗakin nan, ina fitowa da warin gas da kunne a toshe, mai gonar yana gaya wa mutane wai ina koyon kanikanci.

Duk mako biyu ina zuwa Yanbu, in gyara abin da ya lalace, Rawa ya duba hannuna. Ya ƙara mini ganga ta biyu, babba mai kaurin murya a dama, ƙarama a gabana. Ya koya mini wani bugu da ake yi da 'yan sanduna biyu, uku sannan biyu, ya ce shi ne ginshiƙin ɗaki, ko ba a buga shi dole ka riƙa jin sa a ciki. Kuskurena ɗaya ne kullum. Makaɗin Hausa in ya maimaita abu sau huɗu, na biyar sai ya yi ado, ya zuga wani, ya yi habaici. A nan kuwa aikinka ka riƙe bugu ɗaya minti bakwai, mai jita ya yi ta yawonsa ya dawo ya same ka inda ya bar ka. Da na fara ado sai Rawa ya ɗora hannu a kan fatar, ya ce: "Sali, kai ƙasa ne. Ƙasa ba ta rawa."

Suna da 'yar ƙungiya a sansanin, shi da wasu 'yan Filifin uku da wani Bature mai ganguna. Za a yi walimar kammala wani sashe na aikin ranar wata Juma'a da la'asar, kuma Rawa yana so ya koma kan wasu ƙananan ganguna na ƙarfe da ake bugawa da sanda, in ni zan riƙe konga. Manajan sansanin zai zo, kuma shi ne zai sa hannu a ba shagonmu aikin kula da ɗakin shaƙatawa, kayan kiɗa da kujeru da duk abin da ke na katako. Mu'allim ya ba ni aron farar jallabiyarsa, ya ce in na kunyata shi kada in dawo da ita.

Waƙa uku na farko na zama ƙasa sosai. Ko gira ban ɗaga ba, sai shayi babu suga. A ta huɗu mai jita ya shiga dogon kukansa, ya rufe ido, ya manta da duniya. Hannuna na tafiya da kansu, idona ya fara yawo. Can ƙarshen fili, inda ake gasa nama, na hango wani dogon mutum da wuƙa a hannu, da tsagen Gobirawa a fuska. Na san shi, Ɗan Tani ne, mahauci daga Maraɗi, na taɓa yi masa kiɗa a sunan ɗansa. Sai wani tunani ya faɗo mini, wanda da ma bai zo ba: ganga biyu ne a gabana, ɗaya muryarta sama ɗaya ƙasa. Ashe za su iya Hausa.

Ban yanke shawara ba, hannun ne ya tafi. Na ji kaina ina kaɗa taken mahauta, sannan na kira sunansa da ganga, sau biyu. Ɗan Tani ya daskare. Ya waiwaya yana neman mai kalangu, bai gani ba. Na sake kira. Sai ya soke wuƙar a katako, ya yi tsalle ya dira tsakiyar fili, ya ɗaga hannu ya fara kirari da iyakar muryarsa. Masu dafa abinci biyu 'yan Sudan suka fito da ludaya suna taya shi. Mai jita ya buɗe ido ya rasa inda yake, Baturen ganguna ya tsaya da sanda a sama. Rawa ne ya cece mu. Ya koma kan wata ƙararrawar ƙarfe yana buga uku da biyun nan da ƙarfi, yana watso mini harara, har kunnena ya kama, na lallaɓo na faɗa kan “suga”, sauran suka biyo. Mutane suka yi ta tafi suna zaton shiri ne. Naman da ke kan wuta kuwa ya ƙone ƙurmus.

Da aka tashi Rawa ya ja ni bayan ɗaki. Ya yi faɗa da harshensu, ya yi da Larabci, ya nuna da hannu yadda ɗaki ke rushewa in an zare ginshiƙi. Gaskiyarsa ce, kuma a raina na riga na fara ɗaukar kayan alhazai. Da ya gaji, sai ya tambaye ni me na yi wa mutumin nan har ya yar da wuƙa. Na ce sunansa na kira. Ya ce da wane baki. Na nuna masa gangar. Bai yarda ba sai da aka kirawo Ɗan Tani, aka juya masa baya, na kaɗa abu uku yana faɗin ma'anarsu ɗaya bayan ɗaya. Rawa ya zauna a kan akwati. Ya ce kakarsa ta taɓa gaya masa cewa gangunan mutanen da suna magana, shi ya ɗauka zancen tsofaffi ne.

Manaja ya sa hannu, har ya ce a riƙa yin wasan mahaucin nan kowace walima, amma a sa wani ya tsare naman. Aikin ya riƙe shagonmu shekara shida. Muka fara ƙera kongar da kanmu, ni ina yanka falankan, Mu'allim yana zaɓen fata, ana aikowa daga wasu sansanonin har na gabas. Bai koma Sudan ba. Ni kuma ban sake barin bugu a tsakiyar waƙa ba, sai in Rawa ya ɗaga mini gira, alamar ga fili.

Bayan shekara uku kwangilar Rawa ta ƙare. Ya ce ba zai tafi ba sai ya ga tsohon da ke zaɓar masa fata, kuma da ganga yake so ya gaishe shi. Na zaɓar masa mafi sauƙi: sannu Baba. Ƙasa sama, ƙasa sama. Babba ƙarama, babba ƙarama. Na gargaɗe shi kada ya juya na ƙarshen, ban dai tsaya yi masa bayanin dalili ba. Ya yi mako biyu yana gwadawa.

Adamu ya ɗauko shi a motar kifi har wurin allon da ke kan hanya, inda wanda ba Musulmi ba yake tsayawa. Ni kuma na kawo Mu'allim a tasi, yana dogara sanda, da mayafinsa a kafaɗa. Muka koma bayan wani dutse nesa da titi, muka shimfiɗa tabarma bayan la'asar. Rawa ya kafa gangunansa a yashi, ya share gumi. Ya buga sannu daidai. Da ya zo kan Baba sai ya fara da ƙarama ya ƙare da babba. Kun dai san bambancin. Baban da ake ce wa namiji daban, babar da ake ce wa tsohuwa daban. Kuma don ya tabbatar an ji, ya maimaita sau uku.

Adamu ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza. Ni na sunkuyar da kai. Mu'allim Baraka kuwa, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa a shago ba, ya ja mayafinsa ya lulluɓe kai, ya kama gefen da haƙori, ya siranta murya.

"Yawwa ɗan nan. Ka zo lafiya? Ya ka baro mutan gidan?"

Adamu ya zube a yashi. Rawa ya dube ni yana murmushin wanda bai san abin da ake ciki ba, ya tambaya me tsohon ya ce. Na buɗe baki zan yi bayani, Mu'allim ya taɓa ni da sanda.

"Kada ka gaya masa. Ka ce na ce ya iya."

Haka na faɗa masa. Ya rungume tsohon, ya koma ƙasarsu da gaisuwarsa a haka. In yana raye, ina kyautata zaton har yau da ita yake gaida dattawan garinsu.